Batir na biyu da makullin ƙofa: yadda za ku gano inda wutar mota ke ɓacewa

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu kan wutar mota. Mun rubuta shi don wanda bai samu saurare ba, da wanda ya ji amma yana son ya ajiye takardar cikin mota saboda wata rana.

Koke biyu ne ke yawan fitowa daga bakin masu mota. Na farko: an ƙara batir don cajin waya da fitila da firji, sai ga shi da safe mota ta ƙi tashi. Na biyu: ƙofofi sun daina kullewa da rimot, ko su kulle su sake buɗewa da kansu. Mai mota yana ganin cuta biyu ce. Mai rewaya kuwa ya san sau da yawa uwarsu ɗaya: ko an ɗebi wuta daga inda bai kamata ba, ko hanyar da wutar ke bi ta koma batir ta lalace. Kuma abin ba na wasa ba ne. Motar da ta mutu a ruga nesa da kwalta tana iya cinye muku ranar kasuwa sukutum, balle in otomatik ce wadda ba ta tashi da turi. Ƙofar da ba ta kullu ba gayyata ce ga ɓarawo. Waya marar fiyus kuwa tana iya ƙone motar da kayan cikinta.

Inda dabarar ta fito

A Turai akwai masu sayen motar kaya irin Volkswagen Transporter, Mercedes Sprinter ko Fiat Ducato, su mayar da bayanta ɗaki mai gado da firji da fitila, su riƙa yawon hutu suna kwana a ciki. Su ne suka daɗe da ƙwarewa a kan batir biyu: ɗaya na tayar da inji, ɗaya na hidimar ɗaki. Motocin ba baƙi ba ne a wurinmu. J5 ɗin da kuka sani da ɗaukar albasa da tumatir ƴar'uwar Ducato ta farko ce, tsari ɗaya aka yi musu. Cikin motocin hannu da ke sauka a tashar Kwatano da ta Lome akan samu wadda aka taɓa yi wa wannan gyara, an cire gadon amma an bar wayoyin a ƙarƙashin kujera. In kun sayi irinta kuka ga waya mai kauri ba ku san inda ta dosa ba, kada ku bar kanta tsirara yana taɓa ƙarfe. A bi ta har tushe, a cire ta ko a naɗe ta da kyau.

Buƙatarmu da tasu ɗaya ce, ko da yake tamu ta neman abinci ce. Ɗan kasuwa yana kwana a bakin iyaka yana jiran takarda, yana son waya da fitila. Makiyayi yana son firjin da zai riƙe nono, ko allurar rigakafin dabbobi, wadda yawancinta ke buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8.

Batir biyu, kowa da aikinsa

Batirin tayar da mota kamar dokin sukuwa yake. Yana ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan don ya juya sitata, daga nan altaneta ta mayar masa da abin da ya kashe. In aka riƙa tatse shi har ƙasa kowane dare, ba ya daɗewa. Batirin hidima, irin wanda ake sa wa sola, kamar raƙumi yake: yana ba da wuta kaɗan-kaɗan na dogon lokaci, don darmar cikinsa ta fi kauri. Shi ma dai yana da iyaka. In na darma da asid ne, kada a ci fiye da rabinsa kafin a sake cika shi.

A jikin kowane batir akwai lamba da harufan Ah, wato yawan wutar da yake ɗauka. Mai 100 Ah, abin da za ku ci lafiya lau 50 ne. To, ga lissafin da ya kamata a yi kafin a sayi komai. Ku duba wat nawa aka rubuta a jikin na'ura, ku raba da 12, ku sami amfiya. Sai ku ninka da awoyin da za ta yi tana aiki.

Misali, firji mai wat 48 yana jan amfiya 4. In injinsa ya yi aiki awa 12 cikin kwana guda, ya ci 48. Fitila biyu masu wat 6 kowace suna jan amfiya 1, cikin awa 5 sun ci 5. Wayoyi goma, a ce kowace ta ci ɗaya da rabi, 15 ke nan. Jimla 68. Kun ga batir mai 100 Ah bai isa kwana guda ba, sai in mota ta yi tafiya ko akwai sola. Farantin sola mai wat 100 yana ba da wajen amfiya 5 in rana ta take, a yini ya tara kusan 25 zuwa 30. Mutane da yawa suna zargin mai shago ya sayar musu da jabun batir, alhali lodi ne ya fi ƙarfin jaki.

Yadda ake haɗa su

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko waya a haɗa batir biyu kai tsaye. In an yi haka sun zama randa biyu da bututu a tsakani: duk wadda aka ɗeba, ruwan ɗayar ma yana sauka. Firji ya kwana yana sha, da safe duka biyun sun kwanta.

Maganinsa abu huɗu ne, kuma ku tabbata mai rewaya ya sa su duka a gabanku.

Na ɗaya, rile. Shi ne mai gadin da ke tsakanin batiran. In inji na aiki ya haɗa su altaneta ta cika duka biyu, in an kashe inji ya raba su. Akwai wanda makullin mota ke kunnawa, akwai kuma mai jin ƙarfin wuta da kansa: yakan haɗa in wuta ta kai wajen bolt 13.3, ya saki in ta sauko wajen 12.8. Sababbin motocin Turai, musamman na wajen 2015 zuwa yau, da yawansu altanetarsu tana rage wuta da kanta don tsimin mai, sai irin wannan rile ya kasa aiki daidai. Su caja ta musamman ake sa musu tsakanin batir da batir. Haka ma in batirin hidimar na litiyom ne.

Na biyu, fiyus, wanda masu Faransanci ke ce wa fizibil. Guda biyu ake sawa a kan wayar da ta haɗa batiran, ɗaya dab da kan wannan, ɗaya dab da kan wancan, kada nisan ya wuce taƙi guda. Dalili kuwa, wuta tana iya fitowa ta kowane gefe. In wayar ta goge da ƙarfe a tsakiya, fiyus ɗaya zai yanke, amma ɗaya batirin zai ci gaba da turo wuta har robar ta kama. Waya fiyus ke karewa, saboda haka lambarsa kada ta wuce abin da wayar ke iya ɗauka.

Na uku, waya mai kauri. Tsakanin batir da batir akan sa mai milimita 16, in tafiyar da nisa a ƙara kauri. Siririyar wayar gida ko ta rediyo tana zafi, kuma wuta na zubewa a hanya, batirin baya bai taɓa cika. Duk inda waya za ta ratsa huda a ƙarfe a sa mata roba, don hanyoyinmu na burji suna girgiza mota har ƙarfe ya yanka fatar waya.

Na huɗu, wayar bodi, wadda wasu ke ce wa mas. Wuta tana fita ta kan batir mai alamar ƙari, ta yi aikinta, ta biyo ƙarfen mota ta koma ta kan mai alamar ragi. In an ɗaure wayar bodi a kan fenti ko tsatsa, hanyar komawa ta toshe. A kankare wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure da noti tamau, a shafa ɗan giris.

Duk abin da kuka ƙara, caja ce, fitila ce, firji ne, daga batirin hidima zai sha, kowanne da ƙaramin fiyus nasa. Inbata kuwa a sa ta kusa da batir da waya mai kauri, don mai wat 300 tana jan fiye da amfiya 25. Sola kuma ba a haɗa ta da batir sai ta cikin kwantirola, kuma batir ake fara ɗaurawa kafin faranti. Masu manyan motoci na bolt 24, ku kula: batir biyu ne a jere, in kuka riƙa ɗibar bolt 12 daga ɗaya kaɗai, ba za su riƙa cika daidai ba, ƙarshe duka biyun su lalace. Akwai na'urar da ke sauko da 24 zuwa 12, ita ake sawa.

Awo ya fi zato

Ƙaramar mitar awon wuta ba ta kai kuɗin batir ko kusa ba, kuma kowa na iya koyonta. Ku juya ta zuwa lamba 20 a ɓangaren wutar batir, jan tsinke a kan ƙari, baƙi a kan ragi.

Bayan mota ta huta wasu awoyi, cikakken batir yana nuna 12.6 ko 12.7. In ya nuna 12.2, rabi ya tafi. Ƙasa da 12, ya kusa ƙarewa. Sai ku tayar da inji ku sake aunawa. Batirin gaba ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. In bai hau ba, laifin na altaneta ne ko bel ɗinta. In na gaba ya hau amma na baya yana nan inda yake, wuta ba ta isa gare shi: ku duba fiyus biyun nan, sannan rile, sannan wayar bodi. In ya hau amma ya gaza na gaba da fiye da rabin bolt, waya ta yi siranta ko wani ɗauri ya saki. In kuma inji a kashe kuka kunna firji kuka ga batiran biyu suna sauka tare, to rile ya maƙale, ko kuma dama ba a sa shi ba.

Akwai kuma ɓarawon dare, wato abin da ke shan batirin gaba alhali an kashe komai. Ana kama shi haka: a kashe mota, a rufe ƙofofi, a cire wayar ragi, a mayar da mita kan awon amfiya 10, a sa ta tsakanin kan batir da wayar da aka cire. A jira mintoci har kwamfutar motar ta yi barci. Lafiyayyar mota ba ta wuce 0.05. In ta wuce, a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, wanda aka zare lambar ta faɗi, ɓarawon a layinsa yake. Kada a taɓa sitata mita na haɗe haka, za ta ƙone nan take.

Makullin ƙofa

Makullin bai-ɗaya, wanda ke kulle duka ƙofofi da dannawa ɗaya, abu ne mai sauƙi in an fahimce shi. A cikin kowace ƙofa akwai ɗan ƙaramin inji mai waya biyu. In wuta ta shiga ta wannan gefe ya tura sakata, in aka juya ta ya jawo. Akwai akwatin da ke ba su umarni, akwai fiyus, akwai kuma ɗan maɓalli a kowace ƙofa da ke shaida wa akwatin ko tana rufe. Tsofaffin motocin Jamus irin Golf 3 da Mercedes 190 su da iska suke aiki: ɗan famfo ne ke hura ta ko ya zuƙe ta cikin siraran tiyo. In kun ji famfon ya daɗe yana gurnani ƙofa ba ta motsa ba, tiyo ne ya fashe ko ya zare.

Kafin a kwance ƙofa, ku tsaya ku lura da alamar, ita za ta nuna muku hanya.

In mabuɗi yana kulle duka ƙofofi amma rimot ba ya yi, ku fara da ɗan batirin rimot. Faifai ne kamar kwabo, mai bolt 3, da yawansu an rubuta CR2032 a bayansa. Ku sayi mai lamba iri ɗaya da wanda kuka cire.

In babu ƙofar da ke motsi ko kaɗan, ku duba fiyus. A jikin murfin akwatin fiyus akwai zanen da ke nuna wurin kowanne. Launinsu yana faɗin ƙarfinsu: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Ku mayar da mai launi irin wanda ya ƙone. In sabon ya sake ƙonewa nan take, waya ce ke taɓa ƙarfe a wani wuri, kuma ƙara girman fiyus ba ya warkar da ita. Masu naɗa zaren waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fiyus, wallahi gobara suke ajiyewa a ƙarƙashin sitiyari.

In ƙofa ɗaya ce ta ƙi, ku kara kunne a jikinta wani ya danna. In kun ji motsi amma sakata ba ta tafi ba, ƙurar hunturu ce ta daskare da tsohon giris, ko ɗan sandan da ke tura sakatar ya fita. In shiru kuka ji, ku janye robar nan mai kama da maƙogwaro da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Wayoyin ciki suna lanƙwashewa duk buɗewa da rufewa, shekara da shekaru, har su karye. Wani lokaci fatar tana nan lafiya amma cikin ya tsinke, sai an ja a hankali ake ganewa. Ƙofar direba ta fi kowace kamuwa da wannan, don ita aka fi buɗewa. A motocin kaya masu ƙofar ja kuwa, da yawa suna da ƴan ƙusoshin ƙarfe da ke taɓa faranti in an rufe. Ƙura da tsatsa na hana su haɗuwa, goge su kawai yakan isa.

In ƙofofi suka kulle suka sake buɗewa nan take, motar tana ganin akwai ƙofar da ba ta rufu ba. Ku dubi fitilar cikin mota ko alamar ƙofa a gaban direba. Sau da yawa ƙofar baya ce da lodi ya tokare, ko ɗan maɓallin nan ya lalace.

In kuwa sakatu suna ƙarar kas-kas lokacin da kuke tayar da inji, ko suna aiki da kasala, ba laifin ƙofa ba ne. Batirin gaba ya yi rauni, ko kansa ya yi farin gari ya saki, ko wayar bodi ta yi tsatsa.

Inda cutar biyu ke haɗuwa

Layin makulli yana da wuta dare da rana, ko mabuɗi ba ya jiki, in ba haka ba rimot ba zai yi aiki ba. Wannan ya sa mai gyaran gaggawa ke son sa. Ya soka testa ya ga wuta, sai ya fere wayar ya ɗaura caja ko fitila ko rediyo. Daga ranar layin yana ɗauke da lodin da ba nasa ba: fiyus ɗin makulli ya riƙa ƙonewa, batirin gaba ya riƙa tsiyaya cikin dare. Haka nan wanda ya zo kafa katako ko ɗaure batir a bayan mota yana iya huda ƙarfe ya soke wayoyin da ke bi ta ƙarƙashi zuwa ƙofar baya. Wayar bodi marar kyau kuma tana sa wuta ta nemi wata hanyar komawa, ta bi ta cikin siraran wayoyin wasu na'urori ta rikita su.

Don haka tambayar farko da za ku yi wa kanku ita ce: me aka taɓa a motar nan kafin matsalar ta fara? In makulli ya lalace a makon da aka sa batir na biyu, a koma kan sabon aikin a bi shi waya bayan waya kafin a sayi injin ƙofa ko akwati. Ku fara da mai araha, ku ƙare da mai tsada: batirin rimot, fiyus, kan batir, wayar bodi, robar ƙofa, sannan sauran.

Kiyaye rai da dukiya

Duk aikin waya, a fara cire wayar ragi, kuma ita ake mayarwa a ƙarshe. In akwai batir biyu, a cire ta duka biyun. Ku tuɓe zobe da agogon ƙarfe, kada kuma a aje sifana a kan batir. Mabuɗin mota ya kasance cikin aljihunku kuma a sauke gilashi ɗaya, don wasu motoci suna kulle kansu da zarar an mayar da batir.

Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin da yake caji. Kada a sha taba kusa da shi, kada a ajiye shi a rufaffen wurin da mutum ke kwana sai an yi masa mafitar iska zuwa waje, kuma a nisanta shi da jarkar fetur. A ɗaure shi tamau, don in ya kife asid ɗin yana cin buhu, yana cin fata, ta mutum da ta dabba. In ya taɓa jiki a wanke da ruwa mai yawa. In ruwansa ya ragu a ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa don batir, ban da na rijiya ko na famfo. Zafi ma yana rage masa kwana, saboda haka a watannin bazara ku riƙa duba ruwan akai-akai, kuma kada a aje shi inda rana ke dukansa ko kusa da salansa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana ɗaya kafin ku kama hanya, ku auna batiran biyu, ku girgiza kawunansu ku ji ko sun saki, ku kulle mota sannan ku zagaya ku ja kowace ƙofa da hannu. Ku riƙe fiyus na ajiya kowane launi biyu, da salatif ɗin waya, da sifana mai lamba 10. Ku riƙa buɗe ƙofa da mabuɗi lokaci-lokaci don ramin kada ya daskare, ranar da rimot ya mutu shi ne zai fisshe ku.

Wanda bai iya karatun boko ba, a karanta masa, a kuma nuna wa yaran mota. Tambayoyinku kan sola a ruga mun ajiye su sai shiri mai zuwa. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa, ya raya dukiya. Sai mun sake haɗuwa.